Yadda sabuwar shugabar sashen nazare za ta tafi da abokan aikinta

Tambaya: Ni malama ce a sashen nazare na wata makarantar firamare ta gwamnati. An naɗa ni shugabar sashen, alhali biyu daga cikin malamai huɗun da ke ƙarƙashina sun girme ni a shekaru da kuma daɗewa a aiki. Ta yaya zan jagorance su mu yi aiki tare ba tare da ɓacin rai ba?

Amsa: Malama, shawarata ta farko ita ce kada ki fara da taro da ba da umarni, domin wadda ta riga ki shiga aji da shekaru goma ba za ta sauya hannu saboda takardar naɗi ba. Ki same su ɗaya bayan ɗaya, ki tambayi kowacce abin da ya fi ba ta wahala a ajinta, sannan ki ɗauki ɗaya daga cikin matsalolin da za ki iya warwarewa cikin mako biyu, ko da tabarma ce ko randar ruwan sha, ki tabbatar an yi. Daga nan ne maganarki za ta fara yin nauyi.

A Najeriya, tun bayan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 aka riƙa buɗe azuzuwan share fage a makarantun firamare na gwamnati, kuma manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 25 a wannan mataki. Duk wanda ya leƙa irin waɗannan azuzuwa ya san sau da yawa adadin ya zarce haka, saboda haka haɗa hannu ya zama dole, tunda malama ɗaya ba za ta iya koyar da waƙar ƙirga, ta raka wani ban ɗaki, ta kuma rarrashi mai kuka a lokaci guda ba.

Abin da na fi ganin amfaninsa shi ne tsarin da malaman firamare a Japan suka daɗe suna bi: su tsara darasi ɗaya tare, ɗaya ta koyar, sauran su zauna suna lura da yaran, daga baya su tattauna. A kula, yaran ake kallo, wato wa ya gane, wa ya yi shiru, a wane wuri hankalinsu ya watse, don haka babu wadda za ta ji kamar sufeto ne ya zo kama ta da laifi. Ki fara miƙa naki ajin a kalle ki, kuma ki karɓi gyara a gaban kowa. Manyan nan biyu kuwa, ki ba kowacce fannin da ta fi ƙwarewa a kai, misali tatsuniya da wasannin gargajiya ko hulɗa da iyaye, ta riƙe shi da cikakken iko.

Kada a bar mai rainon yara a bayan ƙofa lokacin tattaunawa, domin sau da yawa ita ce ke fara gane yaron da bai karya kumallo ba ko wanda ba ya ji sosai. Idan gyara ya kama, a yi shi a keɓe, ba a gaban yara ko iyaye ba. Buƙatun da suka fi ƙarfinki kuma ki rubuta su da sunan sashen gaba ɗaya, ki kai wa hedimasta, shi kuma ya gabatar da su ga kwamitin kula da makaranta.