Tsohuwar Marsandi 280 SL za ta iya zirga-zirgar kullum a Sakkwato?

Tambaya: Malam, na gaji Marsandi 280 SL ƙirar 1981, mai ƙofa biyu, daga wurin mahaifina. Ina son in riƙa zuwa aiki da ita daga Mabera zuwa jami'a a Dundaye. Za ta jure?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba. Za ta jure, ɗan'uwa. An ƙera 280 SL irin taka daga 1974 har 1985, kuma injinta mai silinda shida ƙarfe ne na gaske. Abin da ke kayar da ita a nan zafi ne, don haka kuɗinka na farko ya tafi wurin sanyaya inji, fenti ya jira.

Ka san yadda Afrilu da Mayu suke, zafi na haura 40. A ciro lagireto a wanke cikinsa, a sauya duk tiyon ruwa ko da bai tsage ba. Matsa shi da hannu: in ya yi tauri kamar busasshen kilishi, ya gama aiki. Kada ka yarda da ruwan rijiya zalla, yana tara tsatsa da ƙasa; a zuba ruwan sanyaya inji. Sai abin da ya fi damuna. Da mota ta fara zafi, wasu kanikawa sukan cire tamostat (abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya yi zafi) su yar. Kada ka bari. A wannan injin, idan tamostat ya buɗe, shi ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji. In babu shi, wani ruwan zai yi ta kewaye bai leƙa lagireto ba, motar ta ƙara zafi. A sa sabo kawai. Allurar zafi ta zauna tsakanin 80 da 90. Idan tana haura 100 kana kan tafiya, tsaya, tun gaskit bai ƙone ba. A duba fanka ma, kulocinta kan mutu da tsufa.

Fetur kuwa, motarka ba ta da kafireto, tsarin fesa mai na Bosch K-Jetronic gare ta, kuma ɗan datti kaɗan ya isa ya toshe shi. Rabu da man 'yan bumburutu, a wanke tanki, a sa sabuwar filta. Bakaniken da bai taɓa buɗe irinsa ba, kada ya koya a kanka.

Da hunturu ka riƙa duba filtar iska kowane mako saboda ƙura. Baƙin mai 20W-50 ya dace da yanayinmu, man birki a sauya duk shekara 2, kuma bawul ɗinta da hannu ake saita su. Taya, duba lambobi huɗu na gefenta, mako da shekarar ƙira ne. Wadda ta wuce shekara 6 a cire ta.

Ka ajiye bel, tiyo da famfon fetur a but, domin kayanta sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas.