Darasin gado da sauyin halittu ya rikita ni, ga kuma ƙanena yana da sikila

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a sakandare, ina shirin zana WAEC da NECO. A bayoloji mun shiga jinetiks (ilmin gado) da ebolushan (sauyin halittu), kuma gaskiya hadda kawai nake yi, ba na gane komai. Rannan ajinmu ya kaure da musu, wasu na cewa darasin yana nufin biri ne kakanmu. Sannan a gidanmu ƙanena yana da sikila, ni da yayata lafiyarmu ƙalau. Gwaggona ta ce tunda an ce ɗaya cikin huɗu ne, cikin da Mama take ɗauke da shi ya tsira. Haka ne? Kuma me ya sa ciwon ya yi yawa a wajenmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba ƙanenki lafiya, ya sauki Mama lafiya. Tambayoyinki a ido sun rabu, amma jijiyarsu ɗaya ce. Darasin da kike haddacewa yana nan cikin gidanku, kuma idan kika fahimci ciwon ƙanenki, kin ci rabin babin nan biyu ba tare da hadda ba.

Mu fara da Gregor Mendel, tunda da shi littafinku ya fara. Malamin coci ne a garin Brno, a ƙasar Cek ta yau. Daga 1856 zuwa 1863 ya yi ta shuka wani irin wake na ƙasarsu a lambu yana barbara shi da hannunsa. A zamaninsa ana ɗauka gado gauraya yake yi, kamar a dama fura da nono: dogo ya haɗu da gajere a sami matsakaici. Da Mendel ya haɗa doguwar shuka da gajeriya, duk 'ya'yan suka fito dogaye. Ya bar waɗannan suka yi barbara a kansu, sai ga gajeru sun dawo a jikoki. Ya zauna ya ƙirga: dogaye 787, gajeru 277, wato kusan uku da ɗaya. Ashe gajarta ba ta narke ba, laɓewa ta yi. Daga nan ya gane kowace siffa tana da ƙwayar gado guda biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma wata kan rinjayi wata ba tare da ta shafe ta ba. Ya buga aikinsa a 1866, ba wanda ya kula, har ya mutu a 1884. Sai a 1900 aka waiwayo shi. Mu ma ai mun san abin a gida, idan aka haifi yaro aka ce bai ɗauko uwa ba bai ɗauko uba ba, kakansa ya ɗebo.

To ki mayar da waken nan ya zama jini. Kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinki tana da kuromosom 46, wato zaruruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, guda 23 daga Mama, guda 23 daga Baba. A kan kuromosom na 11 akwai ƙwayar gadon da ke ba da umarnin ƙera wani sashe na himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini. Nau'in da aka saba shi ne A. Nau'in S ya bambanta da shi da harafi ɗaya tak a cikin DNA, sinadarin da umarnin gado ke rubuce a cikinsa, kuma wannan harafi yana sauya tubali ɗaya cikin tubala 146 da aka jera aka gina sashen, na shida a jerin. Vernon Ingram ne ya gano haka a Kambirij ta Ingila wajajen 1956 da 1957. Tubali ɗayan nan shi ke sa himogulobin ya manne da juna ya sanƙare idan oksijin ya yi ƙasa, sai ƙwayar jinin da take zagayayya mai laushi ta lanƙwashe kamar lauje. Ta toshe ƙananan hanyoyin jini, shi ne azabar da ke hana ƙanenki barci idan ciwon ya tashi. Kuma maimakon ta yi kwana 120, sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20, shi ya sa kike ganin jininsa na ƙasa, idonsa na yin ɗorawa.

Tunda yana da SS, ya karɓi S daga Mama, ya karɓi S daga Baba. Idan dukansu lafiyarsu ƙalau, to mafi yawa su AS ne. Ki riƙe wannan da kyau, domin na sha ganin ana ɗora wa mace laifin ciwon ita kaɗai, alhali ba yadda za a yi yaro ya zama SS sai uban ma ya ba da nasa. Haka ma batun haihuwar 'ya'ya mata. Uwa X kawai take bayarwa, maniyyin uba ne ke zuwa da X ko Y. Matar da ake yi wa gori a kan haihuwar mata ana zaluntarta ne.

Yanzu maganar Gwaggo. Ga abin da nake sa ɗalibaina su yi, ke ma ki gwada yau. Ki samo kwano biyu, ɗaya Mama ɗaya Baba. A kowanne ki zuba farin wake 50 da jan wake 50, fari shi ne A, ja shi ne S. Ki rufe ido ki ɗauki ƙwara ɗaya daga kowane kwano, ki rubuta abin da ya fito, ki mayar da su, ki girgiza, ki sake. Ki yi sau 100. A ƙarshe za ki ga fari da fari sun zo kusa da 25, ja da ja kusa da 25, gauraye kusa da 50. Amma ki dubi jerin da kika rubuta. Za ki tarar da wurin da ja da ja suka fito sau biyu ko uku a jere, da wurin da aka daɗe ba su fito ba. Kwanon bai san abin da ya fito ɗazu ba. Ɗaya cikin huɗun nan na kowane ciki ne shi kaɗai, ba rabon gida ba ne da idan ɗaya ya ɗauka sauran sun huta. Akwai ma'aurata AS da AS da duk 'ya'yansu suka tsira, akwai waɗanda uku suka kamu. Gwaggo fatan alheri take yi, muna taya ta, kuma kashi uku cikin huɗu na tare da fatanta. Sai dai idan Mama ta sauka, a gaya wa likita cewa akwai sikila a gidan, a tambaye shi gwajin da ya dace da jariri. Yaron da aka gano da wuri ana fara kare shi daga cututtuka da zazzaɓi tun kafin su kayar da shi.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce ƙofar ebolushan. Ki yi tunani: kafin zuwan asibiti, yawancin yara masu SS ba sa kai wa shekarun aure. Kamata ya yi S ta yi ta raguwa har ta kusa ɓacewa. Amma a Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ita, kuma ba ƙasar da ta kai mu yawan masu ciwon a duniya. Me ya riƙe ta?

Sauro ne. A 1954 Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna cewa a gabashin Afirka S ta fi yawa a inda zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani, kuma yara masu AS sun fi juriyarsa. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa AS na ba da kariya mai ƙarfi daga zazzaɓin da ke kisa. Ki dubi ƙauye ɗaya a daminar shekaru dubu da suka wuce, ba gidan sauro ba magani. Zazzaɓi na ɗibar yara masu AA, sikila na ɗibar masu SS, masu AS su suka fi tsallakewa su girma su haihu, kuma rabin 'ya'yan kowannensu za su karɓi S daga gare shi. A maimaita haka zuriya bayan zuriya. Wannan tankaɗe da rairaya da yanayi ke yi shi Charles Darwin ya bayyana a littafinsa na 1859: 'ya'ya ba sa zama iri ɗaya, bambancin ana gadonsa, ba duka ke rayuwa su haihu ba, don haka siffar da ta taimaka a wuri sai ta yawaita a wurin. Ma'anar ebolushan ke nan a ilmin yau, sauyin yawan ƙwayoyin gado a cikin al'umma daga zuriya zuwa zuriya. Kada dai mai AS ya ce ya fi ƙarfin sauro. Yana kamuwa, kuma dole ya shiga gidan sauro.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa a jarabawa shi ne raba Darwin da Lamarck. Lamarck, Bafaranshe, ya ce a 1809 raƙumin dawa ya yi ta miƙa wuya ne har ya tsawaita, 'ya'yansa suka gada. Ki tuna da tsagar gado da hudar kunne. An yi ɗaruruwan shekaru ana yi wa kaka da jika, amma ba a taɓa haihuwar jariri da tsaga a kumatu ba. Jikin kakanninmu bai ƙirƙiro S don ya ga sauro ba. Sauyin harafin ya auku ne a DNA, sauro kuma ya sa waɗanda ke ɗauke da shi suka fi saura.

Ki tambayi Mama wane magani ake ba su na zazzaɓi suna yara, za ta ce miki kulorokwin, mai sa ƙaiƙayin nan. Ƙwayoyin cutar da ba sa jin sa sun ɓulla a kudu maso gabashin Asiya da Kudancin Amurka a ƙarshen shekarun 1950, suka iso gabashin Afirka a 1978. Maganin na kashe masu rauni, masu taurin kai na hayayyafa, har ya daina ci, Najeriya ta koma magungunan haɗi na ACT a 2005. Manomin da ke ware manyan zangarniyoyin gero ya ajiye iri, da makiyayin da ke zaɓar bijimin barbara har aka sami Bunaji daban Rahaji daban, su ma zaɓi suke yi, sai dai nasu da gangan ne. Darwin kansa sai da ya yi kiwon tattabaru don ya fahimci wannan.

Saura maganar biri. Masana ba su ce birin da kike gani a gidan zu ya rikiɗa ya zama mutum ba, ba su ce babban birin nan da ake kira cimfanzi ne kakanki ba. Amma ba zan ɓoye miki abin da suka ce ba don na sanyaya miki rai. Sun ce mutum da cimfanzi sun haɗa tushe a wata halitta da ta shuɗe kimanin shekaru miliyan 6 zuwa 7, kamar 'yan'uwa na nesa da suka haɗa kakan kaka. Hujjojinsu su ne kamannin DNA, da tsarin ƙashi, da ƙasusuwan da ake tonowa. Ɗaya daga cikin mafi tsufa a maƙwabtanmu aka same shi: ƙoƙon kan da aka sa wa suna Tumai, wanda wani ɗan Cadi, Ahounta Djimdoumalbaye, ya tsinta a hamadar Jurab a 2001 cikin ayarin Michel Brunet, an kuma ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan 7. Masana na ci gaba da muhawara a kan matsayinsa, amma asalin nazariyyar na da hujjoji masu nauyi, kuma a kanta ilmin halittu na yau ya ginu.

Na san abin da ya tayar da hankalin ajinku halittar Annabi Adamu ce, alaihis salam. Wannan magana ce ta aƙida, ni kuma malamin bayoloji ne, ba zan yi miki fatawa ba. Ki kai ta gun malaman addini masu zurfin karatu, waɗanda za su saurari abin da kimiyyar ta faɗa kafin su amsa. Abin da ke baƙanta mini rai shi ne in ga ɗalibi ya rufe babin gaba ɗaya saboda musun biri, ya tafi da sikila da juriyar magani da inganta iri duk a ciki, alhali gobe shi ne likita ko malamin gona. Mai jarabawa tambayarki yake yi me Darwin ya ce, kuma da wace hujja. Ki san wannan sarai, ki rubuta shi daidai.

Ga aikin gida, a kanki. Idan iyayenki AS ne da AS, gidajen huɗu ne: AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Ke ba SS ba ce, saura gida uku, biyu daga ciki AS ne. Wato ke da yayarki kowaccenku ta fi kusa da zama AS, biyu cikin uku. Lafiyar jiki ba ta nuna wannan, kuma rukunin jini irin su O da B wani abu ne daban, kada a rikita ku. A 2024 jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da jinotaif, wato gwajin AA, AS ko SS, amma kada ku jira sai an kawo kuɗin gaisuwa zukata sun riga sun ɗauru. Ku roƙi Baba ya kai ku asibitin da aka yarda da ɗakin gwajinsa tun yanzu, kuma idan hali ya yi a maimaita a wani wurin, domin ana samun kuskuren sakamako.