Amsa: Shin 'yan kwaminis za su ƙwace gidanka da gonarka?

Malam, ka tambaya ko kwaminisanci na nufin a ƙwace wa mutum duk abin da ya mallaka, kuma ko dole sai an zubar da jini. Kan batun ƙwace komai, a ƙa'idarsu dai, a'a. Abin da Marx da Engels, Jamusawan da suka tsara wannan aƙida, suka nemi a soke a 1848 shi ne mallakar hanyoyin samar da dukiya, wato masana'antu, ma'adinai da manyan filaye, inda mutum ɗaya ke cin gumin dubban ma'aikata. Rigarka da kekenka ba sa ciki. Batun juyin juya hali kuwa, bakinsu bai taɓa zama ɗaya ba. Lenin da ƙarfi ya karɓi mulki a Rasha a 1917, amma a jihar Kerala ta Indiya ta akwatin zaɓe 'yan kwaminis suka kafa gwamnati a 1957.

Sai dai duk sanda muka yi wannan muhawara da abokaina 'yan ƙwadago, a kan gona muke cijewa, domin ita ma hanyar samar da dukiya ce. Daga 1929 Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet (Rasha da ƙasashen da ke haɗe da ita a lokacin), ya tilasta wa manoma shiga gonakin haɗin gwiwa, da yawa suka gwammace su yanka shanunsu da su miƙa su, yunwa kuma ta kashe miliyoyi a Yukren da Kazakistan. Wannan abu na ci mini rai ƙwarai. In wani ya ce maka kayanka na nan lafiya, tambaye shi wa zai yanke hukunci a kan shanun huɗar ƙaramin manomi, kuma ko manomin na da ikon cewa bai yarda ba.