Za mu yi daren tunawa da Queen, an ce tunda Freddie ya mutu ba ruwanmu da lasisi

Tambaya: Salamu alaikum Barista. Ni ɗalibi ne a Manchester. Mu shida ne muke taɓa kiɗa a ƙarshen mako, kuma dukkanmu masoya ƙungiyar mawaƙan Birtaniya ta Queen ne. Mun kama wani zaure mai cin mutum 200 don ranar 24 ga Nuwamba, ranar da Freddie Mercury, babban mawaƙin ƙungiyar, ya mutu. Shirinmu shi ne mu haska fim ɗin Bohemian Rhapsody mai ba da labarin ƙungiyar, bayan an gama mu hau mu buga waƙoƙinsu kamar goma. Tikiti fam 10 ne, ribar kuma za mu ba masu tallafa wa masu ƙanjamau. Wani a cikinmu ya ce ba sai mun nemi izinin kowa ba, tunda mawaƙin ya daɗe da mutuwa, kuma karramawa ce, ba kasuwanci ba. Sai ga shi manajan zauren ya ce mu kawo takardu. Ni na sa hannu a takardar hayar, da kuɗina aka ba da kafin alƙalami. Wallahi barci ya gagare ni, ina tsoron abin ya shafi bizata. Mu fasa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, kada ku fasa. Ba ku sayar da tikiti ba, ba ku haska komai ba, don haka babu laifin da aka yi tukuna. Manajan nan da ya tsare ku da maganar takardu gata ya yi muku. Abokin naku ne ya so jefa ku rami, ko da bai sani ba, kuma sunanka ne a takarda, ba nasa ba.

Wannan magana ta "mai waƙa ya mutu, waƙa ta zama ta kowa" kullum sai na ji ta, har ta ishe ni. Ina jin ta a bakin ɗalibai, da masu shirya biki, da masu ɗora bidiyo a intanet, har da masu kiran kansu manajojin mawaƙa. Ƙarya ce. A dokar haƙƙin mallaka ta Birtaniya ta 1988, haƙƙin waƙa, wato baitukanta da karinta, yana nan daram har shekara 70 bayan mutuwar wanda ya rubuta ta. Freddie ya mutu a 1991, ke nan waƙoƙin da ya rubuta shi kaɗai, irin su Bohemian Rhapsody da We Are the Champions, ba za su fita daga hannun masu su ba sai ƙarshen 2061. Kuma ba shi kaɗai yake rubuta wa ƙungiyar waƙa ba, wannan shi ne abin da masu wannan magana ba su ma sani ba. We Will Rock You ta Brian May ce, Radio Ga Ga ta Roger Taylor, Another One Bites the Dust kuma ta John Deacon. Su ukun, wato sauran 'yan ƙungiyar, suna raye, ba a ma fara ƙirga shekara 70 ɗinsu ba. Daga faifansu na 1989 suka koma sa sunan ƙungiyar baki ɗaya a kan waƙoƙi, irin waɗannan kuwa sai na ƙarshensu ya mutu ake fara lissafi. In mai gida ya rasu, gidansa ba ya zama na 'yan unguwa, magada ne ke karɓar makulli. To waƙa ma dukiya ce, ana gadonta, ana sayar da ita. A 2024 rahotanni sun ce kamfanin Sony ya sayi haƙƙin waƙoƙin Queen a kan kusan fam biliyan 1. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi yana da masu sa masa ido.

Sai ɗaya rabin ƙaryar, wai ai karramawa ce, ko ai sadaka za a yi da kuɗin. Doka ba ta tambayar abin da ke zuciyarka. Abin da take dubawa shi ne, an buga waƙar a bainar jama'a ko kuwa a cikin iyali? Da zarar an tara mutane a zaure, balle a ce sun biya kuɗin shiga, magana ta ƙare. Su kansu 'yan Queen da suka shirya babban taron tunawa da Freddie a filin Wembley ranar 20 ga Afrilu 1992, inda mutum 72,000 suka halarta, George Michael da David Bowie da Elton John suka hau suka rera waƙoƙinsa, ba da ka suka yi ba. Masu waƙoƙin ne da kansu suka shirya, kuɗin kuma aka kafa gidauniyar Mercury Phoenix Trust da shi don yaƙi da ƙanjamau. Mai abu yana iya ba da abinsa sadaka. Kai da ba naka ba ne, ba ka da wannan hurumin sai ka nemi izini. Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu yaɗa wannan fatawa a zaurukan WhatsApp ba sa nan ranar da takardar lauya ta iso. Za su ce ai wane ya yi bara ba abin da ya faru. Wanda ya yi bara ɗin, ƙila zauren da ya kama yana da lasisi bai ma sani ba, ƙila kuma ba a gan shi ba ne. A gida ma haka muke yi da waƙoƙin Mamman Shata, kowa ya ɗiba ya zuba a talla ko a fim, alhali dokar Najeriya ta 2022 ita ma shekara 70 ta yanka, Shata kuma a 1999 ya rasu.

To ga abin da ya kamata ku yi. Buga waƙoƙin da kanku shi ne mafi sauƙi, domin ba sai kun rubuta wa Brian May wasiƙa ba. Akwai PRS mai karɓa wa marubuta waƙa kuɗi, da PPL mai karɓa wa masu faifai, kuma tun 2018 suka haɗa lasisinsu ya zama guda. Yawanci zaure ne ke riƙe da shi. Ka ce wa manajan ya nuna maka nasu, ka kuma tambaye shi ko ya haɗa da kiɗan da ake sayar wa tikiti, don akwai lasisin da iyakarsa kiɗan da ake sakawa a lasifika mutane na shan shayi. Kuɗin irin taronku bai wuce wajen kashi 4 cikin ɗari na abin da aka samu a tikiti ba. In zauren ya cika kun tara fam 2,000, kusan fam 80 ke nan. A kan wannan abokinku yake so ku ɗauko wa kanku rigima. Bayan taro ku miƙa jerin waƙoƙin da kuka buga, da shi ake gane wanda za a biya.

Fim ɗin ne ya fi tsauri, kuma a nan aka fi faɗawa. Lasisin kiɗa bai shafe shi ba ko kaɗan. Faifan da ka saya a kanti da rajistar da kake biya duk wata a manhaja na kallon gida ne, ranar da ka jona su a majigi a gaban mutum 200 ka fita daga sharaɗi. Kamfanin 20th Century Fox ne ya fitar da fim ɗin a 2018, a 2019 Disney ta saye kamfanin. Fim ne da ya tara sama da dala miliyan 900, ya ci kyautar Oscar 4, har da ta Rami Malek da ya fito a matsayin Freddie, saboda haka masu shi ba su manta da shi ba. A Birtaniya kamfanonin Filmbankmedia da MPLC ne ke ba da izinin haska fim a wajen sinima. Ku tuntuɓe su ku ji wanda ke riƙe da wannan fim, ku faɗi ranar, da girman zauren, da cewa za ku karɓi kuɗi. Akan biya kaso daga kuɗin tikiti ko wani adadi da suka yanka, wanda ya fi yawa a ciki. Kada ku buga fosta sai izinin ya fito a rubuce. Hukumar tace fina-finai kuma ta sa masa 12A, wato yaron da bai kai shekara 12 ba sai da babba. Ku sa mutum a ƙofa saboda wannan. Haka bidiyon wasan Live Aid na 13 ga Yuli 1985, babban taron kiɗan neman agaji da Queen suka buga a ciki, da na taron 1992, kada wani ya sauko da su daga YouTube ya ce a haska a bayanku kuna kiɗa, kowanne da mai shi.

Ƙaramar hukuma ma tana da nata. In zauren ba shi da izinin shirya irin wannan taro, akwai sanarwar taron wucin gadi da ake cikewa, fam 21 ce, ga taron da bai kai mutum 500 ba, kuma ana so a miƙa ta aƙalla kwanakin aiki 10 kafin ranar. Na san takardun suna da ban haushi, ofis uku a kan dare ɗaya, kowanne da fom ɗinsa, wani ma sai ka yi ta kira ba a ɗauka. Shi ya sa nake cewa ku fara yau, kada ku bari sai saura mako.

Ku kula da fostarku. Kada ku rubuta Queen da manyan baƙaƙe, sunanku kuma can ƙasa kamar tururuwa, har wani ya ɗauka su ne za su zo. Sunan da tambarin nan mai zakuna biyu da ƙaguwa da babban tsuntsu, wanda Freddie ya zana da hannunsa, alamun kasuwanci ne masu rajista. Ku sa sunan ƙungiyarku a sama, ku ce daren tunawa ne. Masu haƙƙin kansu suna da ƙungiyar kwaikwayo tasu, Queen Extravaganza, wadda Roger Taylor ya kafa, daga cikinta Marc Martel ya fito, mutumin Kanada da aka gauraya muryarsa da ta Freddie a fim ɗin. Su kuma May da Taylor suna wasa da mawaƙi Adam Lambert tun 2011. Saboda haka sunan yana kan aiki, ba a ajiye shi ba. Sannan kada ku mai da abin wasan kwaikwayo mai labari, da jarumai da tattaunawa ana saka waƙoƙi a tsakani. Wannan lasisin PRS bai kai can ba, sai an je ga masu haƙƙin kai tsaye. In kuma za ku sa sunan wata gidauniya a fosta, ku rubuta musu tukuna su amince.

Akwai abin da ba na doka ba ne amma ya dame ni, tunda kun ce don masu ƙanjamau za ku yi. Wanda zai yi jawabi kada ya ɗauko tarihi daga fim ɗin. Fim ɗin ya nuna Freddie ya san yana ɗauke da cutar kafin Live Aid, har ya gaya wa abokansa wajen atisaye. Na kusa da shi sun ce a 1987 aka tabbatar masa, bayan shekara 2. Ya nuna ƙungiyar ta watse sannan ta haɗu saboda wasan, alhali a Mayun 1985 suka gama zagayen wasanninsu, wata 2 kafin ranar. Freddie bai sanar da duniya ba sai 23 ga Nuwamba 1991, washegari ya cika. Magungunan da ke danne ƙwayar cutar sosai sun samu ne a 1996, shekara 5 bayansa, kuma yau mai shan su a kan kari yana rayuwarsa kamar kowa. Wannan ya kamata mutum 200 ɗin nan su ji.

Maganar biza kuwa, rikicin haƙƙin mallaka galibi ƙarar neman diyya ce ko umarnin kotu na hana kiɗa, ba ita ce abin tsoronka na farko ba. Abin da za ka kiyaye shi ne sharaɗin bizar ɗalibi, wadda ta hana ka aiki a matsayin mawaƙin da ake biya, ta kuma hana ka gudanar da kasuwanci na kanka. Mai kiɗan sha'awa da ba ya karɓar ko sisi daban ne, amma kuɗin tikiti su shiga asusunka na banki, wannan ba na so. Ka je ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje na jami'arku da takardar hayar a hannunka, su duba su ba ka amsa a rubuce. In da hali, ƙungiyar ɗalibai ta karɓi taron da sunanta, a canza sunan da ke kan takardar hayar, kuɗin su bi ta asusunta, ita kuma ta miƙa wa gidauniyar ta karɓo rasit.