Ɗana gwanin hadda ne, amma karatun boko ya gagare shi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Garwa a Arewacin Kamaru nake rubuto maka. Ɗana shekararsa 9, bana yana maimaita aji CE2, wato aji huɗu na firamare. A makarantar allo ya fi sa'o'insa hadda, amma a boko da an ce ya karanta sai ya yi ta inda-inda yana cankar kalmomi. Babansa ya ce lalaci ne, malaminsa ya ce daƙiƙi ne. Wata maƙwabciyata ta ce disleksiya ce. Ina zan kai shi a duba? Kuma mene ne amfanin sanin sunan abin, tunda ba magani ake sha ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Don Allah ki fara roƙon babansa ya ajiye bulala. Yaron da ke riƙe sura da ka ba daƙiƙi ba ne.

Labarin ɗanki ya tuna mini da wani yaro ɗan shekara 14 da likita Pringle Morgan na Ingila ya yi rubutu a kansa a 1896. Ko sunansa yaron nan ba ya iya rubutawa daidai, amma malaminsa ya ce da a ce da baki ake koyar da komai, da shi ne kan gaba a makarantar. Disleksiya ke nan. Ƙwaƙwalwa ce ke shan wahala wajen rarraba kalma zuwa sautukanta da haɗa kowane sauti da harafinsa. Ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, kuma tana bin jini, shi ya sa nakan tambayi iyaye ko akwai kawu ko baffa da ya gudu daga boko saboda karatu.

Sai dai ba zan yanke hukunci daga nesa ba, musamman a nan Arewa. Yaranmu da Hausa ko Fulatanci suke tashi, sai su shiga SIL, wato ajin farko na firamare, a dinga yi musu Faransanci, harshen da sauti ɗaya ake rubuta shi o, au ko eau. Ga aji cike maƙil, ga fashin makaranta saboda zazzaɓi. Yaro da yawa ba larura ke damunsa ba, harshen ne bai zauna masa ba. Amfanin gwajin ke nan na farko: ya raba waɗannan biyun, domin gyaransu ba ɗaya ba ne. Na biyu kuma, ya nuna daidai inda yaron ke tuntuɓe, a koya masa sauti da harafi ɗaya bayan ɗaya, yana gani, yana faɗa, yana zana shi da yatsa a kan rairayi. Na sha ganin yaro ya ɗago kai ranar da aka ce masa abin nan yana da suna, kuma ba laifinsa ba ne. Wannan kaɗai ya isa a yi wahalar nema.

Ki fara da asibiti a duba idonsa da kunnensa. Idan lafiya lau ne, ki tambayi likitan yara ya haɗa ki da mai gyaran magana da karatu, wanda ake kira ortofonist. Ba su da yawa a Kamaru, kuma galibinsu suna Yawunde da Duwala. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin uwa a Garwa ko Marwa sai ta haɗa kuɗin mota da na masauki kafin ta kai ga kuɗin gwajin. Idan kin samu dama, ki tafi da littattafansa na aji da takardun sakamako, ki kuma gaya wa mai gwajin harshen da kuke yi a gida.

Kafin nan, gwada shi da Hausa yayin da kuke zaune a tsakar gida. Ce masa: idan aka cire "ka" daga "kaza", me ya rage? Wace ce ta fara kamar "bawa", "baki" ko "ɗaki"? Idan har da harshen uwa yana kokawa da irin wannan, zargin ya yi ƙarfi. Ki kuma roƙi malamin allo ya nuna masa kalma a tsakiyar allon, ba daga farkon sura ba, a ga ko baƙi yake karantawa ko da kunne ya riƙe. Abin da malam ya gani, ki kai wa shugaban makarantar boko, ki nemi a zaunar da yaron a gaba, a daina tsayar da shi ya yi karatu a gaban aji, a kuma ƙara masa lokaci a jarrabawa.