Amsar tambayar Yaya kan hoton jijiyar gani kafin aikin farfaɗiya

Assalamu alaikum. Yaya, na saurari muryarki, yanzu na taso daga aiki shi ya sa kika ji ni shiru. Kin ce likitocin can Masar sun ce kafin a yi wa yaron namu aikin farfaɗiya sai an sake ɗaukar wani hoton MRI na jijiyar gani, kina tambaya me ya haɗa ido da farfaɗiya, ko dai kuɗi suke nema. A'a Yaya, wannan kam suna da gaskiya.

Shi ido ƙofa ce kawai, ainihin gani a ƙeya ake yin sa. Kowane ido yana da jijiya mai zare sama da miliyan 1. Su haɗu a ƙasan ƙwaƙwalwa, kusan rabi su tsallaka ɗaya gefen, su yada zango a tsakiya, sannan su bazu su nufi ƙeya. To wani sashe nasu ba ya miƙewa. Sai ya fara yin gaba, ya shiga ƙwaƙwalwar gefen kai, saitin kunne, sannan ya sha kwana ya koma baya. Kwanar Meyer ake ce mata, sunan likitan da ya bayyana ta a 1907. Kuma ƙwaƙwalwar gefen kan nan ce fa wurin da aka fi yankewa a aikin farfaɗiya. In wuƙa ta taɓa kwanar, mutum zai farka ido garau, amma kusurwar sama ta gefe ɗaya ta ɓace masa, a ido biyun duka. An yi aiki a dama, ya rasa saman hagu. Wani ma bai sani ba sai an gwada shi. A Ingila har lasin tuƙi yakan gagari mutum a kan haka.

Kuma kwanar nan ba wuri ɗaya take a kan kowa ba, ta wani ta fi ta wani kutsowa gaba. MRI ɗin da aka saba ba ya rarrabe ta.

Shi wannan hoton, ruwa yake bi. Ki ɗiga bula a bokiti, ai ko'ina za ta bazu. Amma ruwan cikin jijiya kamar na cikin rake ne, ya fi bin tsawon zaren, da ƙyar yake ratsawa gefe. Na'urar sai ta auna ta ina ruwan ya fi motsawa a kowane ɗigo na ƙwaƙwalwa, kwamfuta ta jona ɗigon nan ta zana hanyar. Peter Basser da abokan aikinsa suka fito da lissafin a Amurka a 1994. In sun nuna miki za ki ga launuka kamar zaren saƙa: ja hagu da dama, kore gaba da baya, shuɗi sama da ƙasa.

Sai dai kada kyan hoton ya ruɗe ki. Kowane ɗigo kusan milimita 2 ne, zaren jijiya dubbai ne a ciki, kintace kwamfutar take yi. Inda jijiyoyi suka gitta juna ko suka sha kwana mai kaifi, takan ɓata hanya. Hoton yana rage haɗarin taɓa jijiyar ne, ba ya kawar da shi.

Ba wuƙa, ba zafi, sai ƙarar na'ura kawai, ki ce masa ya kwanta kada ya motsa kai. Ki kuma tambaye su ko za su auna faɗin ganinsa kafin aikin, don a samu abin gwadawa bayan an yi. Allah ya ba shi lafiya, ki gaishe min da shi.