Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan kalaman masu labaran talabijin

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko ganganci ne ko rashin sani ke sa masu karanta labarai su ce "an kama ɓarayi" tun kotu ba ta zauna ba. Na yi shekaru ina fassara a ɗakin labaran wani gidan talabijin, bari in faɗa maka abin da na gani da idona.

Yawanci gaggawa ce. Sanarwar 'yan sanda takan iso da Turanci ana dab da shiga labaran dare, a miƙa maka a ce yi maza. A takardar an rubuta cewa zarginsu ake yi, amma "waɗanda ake zargi da sata" ya yi tsawo a baki, "ɓarayi" kuwa gajere ne, ga jan kunne. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar, amma kafin a kai shi gaban alƙali mun riga mun yanke masa hukunci a gidajen jama'a.

Har yau ina tuna wani yaro mai gyaran babur a unguwarmu. Aka yi holinsa tare da wasu samari, yana tsugune a ƙasa, mai labarai na cewa ga gungun ɓarayin babura. A teburinmu aka fassara labarin. Bayan sati uku aka sake shi, ashe babur ɗin gyara aka kawo masa. Lokacin an sa masa ranar aure, iyayen yarinyar suka mayar da kaya. Ba mu taɓa komawa mun wanke shi ba, kuma abin yana ci mini rai.

Haka batun mutuwa. A yi hatsari a hanyar Kano zuwa Zariya, sai ka ji an ce mutum goma sun sheƙa lahira. Haba! Wata uwa tana zaune gaban akwatin nan, ɗanta na cikinsu. Muna da "sun rasu", muna da "sun riga mu gidan gaskiya", me ya kai mu can?

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne liƙa wa ƙabila laifi. Tun watan Nuwamba na 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, sunan da za a kira su da shi yana nan. Duk da haka wani sai ya ce "Fulani sun kai hari", washegari Bafulatanar da ke tallar nono a kasuwa ita ke shan harara.

In ka sake jin irin wannan, ka riƙe ranar da lokacin, ka nemi editan gidan da kanka. In ya yi biris da kai, hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin tana karɓar ƙorafi.